Lamba Huɗun Baba Tanimu

Wata rana, wata Litinin da safe, wani dattijo a Kaduna ya yi sammakon da bai saba yi ba, ya ga abin da ya hana tuwo wuce masa har kwana biyar.

Baba Tanimu ake ce masa. Tsohon ɗan badujala ne, mabushin saksofon. Da suka yi ritaya, shi da abokan aikinsa bakwai suka haɗa ƙungiya suna busa a wuraren biki. Gwaji kuma suna yinsa a wani ɗaki a bayan garejin wani bakanike, duk Litinin da Alhamis.

Ga wanda bai san saksofon ba, bari in ɗan yi bayani, don labarin nan a kan abu ƙarami ya rataya.

Wannan ƙaton ƙarfen mai ruwan zinare ba shi ke haifar da sautin ba. Wani ɗan tsagin gora ne da bai kai tsawon yatsa ba, ana ɗaure shi a bakin ƙarfen. Masu sana'ar suna ce masa rid. Iska ta buge shi ya kaɗa, ƙarfen ya ɗauka ya yaɗa wa jama'a.

Kowane rid da lambarsa a gindi. Lamba biyu laushi gare shi, da ɗan numfashi kaɗan ya amsa. Uku ya fi tauri. Huɗu kuwa icce ne. Sai mai ƙarfin leɓe da haƙori da ƙirji, amma in ya amsa maka, sautinsa kauri gare shi.

Baba Tanimu huɗu yake busawa. Shekara arba'in.

Kuma ba ya bari kowa ya manta da haka.

In sabon mabushi ya zo gaishe shi, kafin ya tambaye shi mutanen gida sai ya tambaye shi lamba. Ya ce biyu da rabi, Baba Tanimu ya yi murmushi ya ce, "Ayya. Allah ya raya."

Sama da shekara biyu da suka wuce ya faɗo daga kan acaɓa, haƙoransa na ƙasa guda huɗu suka zube. A kan waɗannan haƙoran ne leɓen mabushi ke zama ya riƙe rid. Aka sa masa na roba. Kowa ya ce shi da lamba huɗu sai dai tarihi.

Wata uku ya yi a gida. Ranar da ya dawo gwaji, ya ɗauki rid ɗinsa a cikin kabad ɗin ɗakin, ya ɗaura, ya busa. Sauti ya fito tas kamar ba abin da ya faru.

Ya sauke ƙarfen ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Haƙori ya tafi, amma mai bakin yana nan."

Suka yi masa tafi. Tun daga ranar alfaharin ya ninku.

To, a ƙungiyar akwai al'ada ɗaya. In amarya za ta shigo zauren biki, kowa sai ya yi shiru, mutum ɗaya ya miƙe ya busa mata ita kaɗai har ta zauna. Wannan busar ta Baba Tanimu ce, ba a taɓa ba wani ba.

Kuma Asabar mai zuwa, amaryar autarsa ce, Zulai. Ba 'yar fari ba ce balle a ce kunya. Tun tana rarrafe take kama ƙafar wandonsa in yana gwaji, shi kuma yana ce mata, "Ranar aurenki ni zan shigo da ke." Ta riƙe maganar nan fiye da yadda ta riƙe sunan makarantarsu.

Shi ya sa ya yi sammako ran Litinin, yana son ya samu awa guda shi kaɗai kafin sauran su zo.

Da ya iso, sai ya ga ƙofar a buɗe. Ya leƙa ta taga.

Istifanus ne a ciki.

Istifanus shi ne mabushi na biyu, wanda ke zama a damansa shekara talatin da ɗaya. Tare suka shiga aiki, tare suka fita. Ran salla tuwon gidan Tanimu yake ci, ran kirsimeti Tanimu ke yanka masa kajin gidansa don kowa ya samu ci. Shi ke riƙe da makullin ɗakin gwaji.

Yana zaune a kan benci, tabarau a ƙarshen hanci. A cinyarsa kwalin rid ɗin Baba Tanimu ne, mai jan zare da aka ɗaure shi da shi. A hannunsa reza.

Ya zaro rid ɗaya ya kwantar da shi a kan ɗan gilashi. Ya kankare. Ya ɗaga shi sama ya duba a hasken taga. Ya sake kankarewa. Ya hure ƙurar, ya mayar da shi cikin kwalin, ya ɗaure jan zaren daidai yadda ya same shi.

Sannan ya waiga ya dubi ƙofa.

Wannan waigen ne ya tsaya wa Baba Tanimu a rai. Mai gaskiya me zai sa shi waige?

Ya ja da baya a hankali, ya je ya tsaya gindin wani dalbejiya. Sai da sauran suka fara zuwa sannan ya shiga da sallama kamar yanzu ya iso.

Istifanus ya tarbe shi da fara'a. "Uban amarya! An tashi lafiya?"

Ya amsa da hanci. Ya ce kansa ke ciwo, ba zai yi gwaji ba. Ya ɗauki saksofon ɗinsa ya tafi da shi gida, abin da bai taɓa yi ba. Kwalin kuwa ko taɓa shi bai yi ba.

Ku da kuka san zuciya, kun san in ta samu zare ɗaya sai ta saƙa riga.

Kafin ya isa gida ya tuno ranar da aka zaɓe shi mabushi na ɗaya, shekara talatin baya. Istifanus ya ce masa "Allah ya sanya alheri", amma yanzu da ya duba da kyau, anya ya yi murmushi ranar?

Ya tuno yadda Istifanus ya nace a bar rid a ɗakin gwaji, wai zafin kwanon gida na lalata su. Ya tuno yadda shi ya roƙi a ba shi makulli. Ya tuno watan jiya da sautinsa ya ɗan karye a wani biki, Istifanus ya sunkuyar da kai. Dariya yake ɓoyewa kenan.

Biri ya yi kama da mutum.

So yake ya lalata masa rid, ran Asabar ya ji kunya a gaban surukai, shi kuma ya miƙe ya karɓe busar. Busar Zulai! Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu magana.

A gida ya tarar da matarsa Ladidi tana tankaɗe, mata sun fara cika tsakar gida da aikin biki. Ya kira ta ɗaki ya rufe ƙofa ya zayyana mata komai.

Ya zaci za ta dafe ƙirji ta yi salati. Ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, zato fa zunubi ne."

Ya ce, "Zato? Da idona na gani!"

Ta ce, "To ka tambaye shi mana."

"In tambayi ɓarawo ko ya yi sata?"

Ta dubi ƙasa, ta gyara ɗaurin zani, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Ya bi ta da kallo. Babu wata tukunya a wuta, tankaɗe take yi. Ya gyaɗa kai a hankali. Ashe har cikin gidansa abin ya shigo.

Ran Talata Istifanus ya turo akuya, gudummawar biki, baƙa mai ƙiba. Mata suka yi ta guɗa. Baba Tanimu ya zagaya ta sau biyu yana dubawa kamar zai ga rubutu a jikinta. Ya ce a ɗaure ta can bayan gida, kada a yanka sai ya ce. A ransa yana cewa, toshiyar baki ce.

Ran Laraba ya shiga gari, ya je shagon kayan kiɗa. Da can Istifanus ke sayo musu rid gaba ɗaya, shi ya daɗe bai taka shagon ba.

Ya ce a ba shi lamba huɗu, kwali guda, wanda ba a ɓare ba.

Mai shagon ya ɗauko, amma bai miƙa ba. Ya ce, "Baba, kai za ka busa?"

"A'a, kakarka."

Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Gani na yi huɗu ba kowa ke iya masa ba. Lambar nan ba girma ba ce, kamar takalmi take, kowa da ƙafarsa. Mai taurin da ya fi ƙarfin baki iska kawai zai yi ta sha. Mai laushin da ya yi yawa kuma sai ya toshe in an hau sama. Ga ƙarfe nan, gwada ɗaya a nan mu ji."

Baba Tanimu ya ƙura masa ido. Wa ya koya wa mutumin nan wannan karatu? Ai Istifanus abokin cinikinsa ne. Wato har nan ya riga shi zuwa.

Ya ce, "Ina busa huɗu tun ba a yi auren uwarka ba. Ba ni kayana."

Ya karɓa, ya duba ledar kwalin ta kowane gefe, ya zura a aljihun ciki.

Nan fa ya yi kuskuren da ni har yau nake jin haushinsa.

Bai gwada ba.

Gida cike da baƙi, uban amarya ba zai shige ɗaki yana busa ba. Ɗakin gwaji kuma ya rantse ba zai taka ba. Sannan a ganinsa, me zai gwada? Shekara arba'in? Ya fi so kwalin ya zauna a rufe, ya ɓare shi da hannunsa ran Asabar, a gaban Istifanus, ya ga yadda fuskarsa za ta yi.

Kwana uku kwalin na jikinsa. Ko wanka zai shiga sai ya rataye rigar a inda idonsa ke gani.

Ran Alhamis ya aika wa shugaban ƙungiya cewa bayan biki akwai magana, ko shi ko wani. Ran Juma'a bayan ɗaurin aure Istifanus ya kutso cikin jama'a ya miƙo masa hannu biyu, Baba Tanimu ya ba shi 'yan yatsu ya juya.

Asabar ta zo.

Bayan la'asar zaure ya cika. Dangin ango a hagu, dangin amarya a dama, waya a hannun kowa. 'Yan ƙungiya sun jeru da fararen kaya, Baba Tanimu a kujerar gaba, Istifanus a damansa.

Baba Tanimu ya zaro kwalin. Ya ɓare ledar a hankali, yana sa ta ƙara da gangan. Ya saci kallon Istifanus.

Fuskar Istifanus ta canza.

Baba Tanimu ya ji wani sanyi a ransa. Asiri ya tonu. Ya jiƙa sabon rid a baki, ya ɗaura, ya matse.

Mai gabatarwa ya ce a yi shiru, amarya ta iso.

Aka buɗe ƙofa. Zulai ta tsaya a bakinta, ƙawaye a bayanta, kanta a ƙasa. Ba za ta ɗaga ƙafa ba sai ta ji babanta.

Ya miƙe. Ya cika ƙirji. Ya busa.

Fuuuu.

Iska zalla.

Ya gyara tsayuwa, ya ƙara matse leɓe, ya busa da duk ƙarfinsa. Ƙarfen ya yi wani ƙiiii kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Wani yaro ya tuntsire da dariya, uwarsa ta make shi.

Karo na uku sai ya ji haƙoran robar sun motsa a bakinsa.

Gumi ya karyo masa. Leɓensa na rawa. Rid ɗin nan ko gezau, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Zulai ta ɗago kai ta dube shi, kuma ba fushi ya gani a idonta ba, tsoro ya gani.

Ta gefen ido ya ga Istifanus ya motsa. Ya ce a ransa, shi ke nan, ga abin da yake jira. Zai miƙe ya karɓe.

Istifanus bai miƙe ba. Ya yi wa mai ganga alama da kai, ganga ta fara gurnani ƙasa-ƙasa, jama'a suka zaci cikin shiri ne. Ya ajiye nasa ƙarfen a ƙasa. Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da hankici, ya warware.

Rid ne a ciki, a jiƙe. A gindinsa an buga lamba huɗu.

Baba Tanimu ya dube shi ya ce, "Wannan ai wanda ka kankare ne."

"Shi ne."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka dawo da haƙoran roba."

"Shekara biyu?"

"Da wata ɗaya. Busa, Tanimu, yarinya na tsaye."

Baba Tanimu ya tsaya kokawa da maɗaurin. Istifanus ya karɓi ƙarfen ya cire sabon, ya ɗaura tsohon, ya mayar masa.

Ya busa.

Sauti ya fito tas, mai kauri, mai daɗi, wanda ya shekara biyu yana cika baki da shi. Ganga ta yi shiru. Zulai ta ɗaga ƙafa, mata suka rangaɗa guɗa.

Ya busa har ta zauna, hawaye na bin kumatunsa suna shiga gemu. Jama'a suka ce uban amarya ya ji rabuwa. Kunya ce ta sa shi kuka, kunyar da ba ta da wurin ɓuya.

Da aka tashi cin abinci, ya samu Istifanus a waje yana goge ƙarfensa. Ya tsaya a kansa.

Ya ce, "In ka gama kankarewa, lamba nawa yake komawa?"

Istifanus bai ɗago ba. Ya ce, "Biyu da rabi. In kana mura, biyu."

"Wa ya sani?"

"Duk 'yan ƙungiya."

Ya tuno tafin da suka yi masa. Ya ce, "Ladidi fa?"

"Ita ke sayo rezar."

Baba Tanimu ya zauna a kan dakali. Ya ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

Istifanus ya ce, "Da na ce maka ka sauko biyu da rabi, da ka sauko?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Da ka rataye ƙarfen ka zauna a gida, ka ce gara ka bari da a ce ka sauko. Na san ka, Tanimu. Ni kuma ban iya zama a daman wani ba."

Baba Tanimu ya kama hannunsa da hannu biyu, hannun da jiya ya ba 'yan yatsu. Ya faɗa masa komai, tagar, akuyar, saƙon da ya aika wa shugaba. Bai rage ko ɗaya ba. Ya roƙe shi ya yafe masa.

Istifanus ya ce, "Na yafe. Amma akuyar nan a yanka ta, ta gaji da zaman bayan gida."

Ran Litinin da safe Baba Tanimu ya koma shagon nan. Akwai mutane a ciki, har da matasan mabusa biyu daga cikin waɗanda ya taɓa yi wa "Allah ya raya". Bai jira su fita ba, bai kuma rage murya ba.

Ya ce, "Ba ni biyu da rabi. Kawo ƙarfen kuma in gwada."

Da ya isa ɗakin gwaji ya ajiye kwalin a kan tebur, lambar tana kallon kowa. Ya juya wajen Istifanus ya miƙa hannu.

"Kawo rezar. Ka huta haka nan."

Darasi:

Ba duk wanda ka kama da reza a kan kayanka ne yake yanka ka ba. Wani gyara maka yake yi a ɓoye, don ya san girman kanka ba zai bari ka karɓa a fili ba. Kafin ka yanke wa mutumin shekara talatin hukunci da abin da ka hango ta taga, shiga ta ƙofa ka tambaye shi.

Sannan ka duba lambar da kake taƙama da ita. Ka tabbata ƙarfinka ne? Daidai ruwa daidai tsaki. Ɗaukar abin da bakinka zai iya ba faɗuwa ba ne.

In kana da wani Istifanus a rayuwarka, kada ka jira ranar biki. Tura masa wannan yau, ka ce ka gane. Ka kuma yaɗa shi, wataƙila akwai wani Baba Tanimu a cikin abokanka da ke yawo da kwali a aljihu.